Shin Ko Kun San? Hudar Tsintsiyar Hannu Da Ake Bi A Kai Ga Zuciya

Shin ko kun san likita na iya kaiwa ga zuciyar mutum ba tare da ya tsaga ƙirji ba? Ta tsintsiyar hannu yake bi, daidai inda ma'aikaciyar jinya ke ɗora yatsu ta ji bugun jini, ƙasan babban yatsa. A nan ake yin allurar kashe zafi, a huda jijiya, a kafa ɗan gajeren bututu ya zama ƙofa, sannan a zura siririyar roba mai tsawon kimanin mita 1. Ta haura dantse, ta ratsa hammata, ta gangara ƙirji har bakin jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. Sai a tura wani ruwa mai aidin wanda ke fitowa a hoto, likita na duban allo yana ganin inda jini ke gudu da inda ya toshe. Mara lafiya idonsa biyu, har magana ake yi da shi. Wannan shi ne anjiyogiram. In an ga toshiya, ta nan ɗin dai ake buɗe ta da ɗan balan-balan, a bar wata 'yar ragar ƙarfe da ake kira sitent ta tokare wurin.

Shin ko kun san cutar da ke kai mutum ga wannan aiki ta daina zama baƙuwa a wurinmu? Daga 2013 zuwa 2018 likitocin Najeriya sun bi sawun mutum 1,072 da jijiyoyin zuciyarsu suka toshe farat ɗaya, a wani bincike mai suna RACE-Nigeria. Farfesa Simeon Isezuo na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ne ya ja gaba, Farfesa Mahmoud Sani na Kano yana cikin tawagar. Kusan takwas cikin kowane goma na da hawan jini. Waɗanda aka samu yi wa anjiyogiram kuwa ba su kai rabi ba, domin ɗakunan wannan aiki kaɗan ne a ƙasar nan, akasarinsu a Legas da Abuja. Mutumin Gusau ko Tsafe ko Bungudu sai ya ɗaura niyyar tafiya, wani ma har Misira ko Indiya.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance ke nan. A can ake yin aikin, a sallami mutum ranar ko washegari da ɗan filasta a hannu. Matsala kuwa, in za ta zo, sau da yawa a mota take riskarsa tsakanin Funtuwa da Tsafe, ko bayan ya kwana biyu a ɗakinsa, inda likitan da ya yi hudar ba ya nan. Matarsa ce a kusa, da ɗansa, da mai kemis na unguwa. Su ya kamata su san abin da za su duba.

Shin ko kun san wanda ya fara zura roba cikin zuciyar ɗan Adam a kansa ya gwada? Werner Forssmann ne, matashin likita a garin Eberswalde na Jamus, a 1929. Ya huda jijiyar gwiwar hannunsa, ya tura robar, ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin hoto aka ɗauka. A 1956 ya samu kyautar Nobel tare da wasu likitoci biyu. Shekaru da yawa ta gindin cinya aka fi bi, sai a 1989 Lucien Campeau na birnin Montreal a Kanada ya bayar da rahoton mutum 100 da ya bi ta tsintsiyar hannunsu. A 1992 Ferdinand Kiemeneij na Amstadam ya fara buɗe toshiyar zuciya ta wannan hanya.

Kada kuma abin da zai biyo baya ya tsorata kowa: hanyar hannu ta fi ta cinya sauƙi. Jijiyar cinya babba ce, tana can ciki, tana iya zubar da jini zuwa bayan ciki ba a ankara ba, kuma dole mutum ya kwanta rigingine awa da awanni. Ta hannu kuwa tana kwance bisa ƙashi, yatsa ma na iya danne ta. A binciken RIVAL na 2011, mutum 7,021 a ƙasashe 32, babbar matsalar jijiya ta samu kashi 1.4 cikin 100 na waɗanda aka bi ta hannunsu, ta cinya kuwa kashi 3.7. A binciken MATRIX na 2015, mutum 8,404, mace-mace kashi 1.6 ne ta hannu, 2.2 ta cinya. Duk wanda likita ya ce yana buƙatar aikin, ya je a yi masa.

Shin ko kun san jijiyar nan tana tsukewa idan mutum ya firgita? Faɗinta milimita 2 zuwa 3 ne kacal, kusan kaurin robar cikin biro, kuma bangonta nama ne mai motsi. Tsoro, sanyin ɗaki ko yawan huda na sa ta damƙe robar, mara lafiya ya ji zafi na hawa dantsensa, likita ya kasa turawa ya kasa janyewa. Ya fi samun mata, da masu ƙaramin jiki, da masu shan taba. Shi ya sa ake zuba maganin sassauta jijiya tun da farko, wanda ke sa a ji ɗumi ya ratsa hannu na ɗan lokaci. In ka ji zafi ka faɗa, wannan ba wurin nuna jarumta ba ne. Wani lokaci kuma jijiyar ce aka halitta da lanƙwasa, roba ta ƙi wucewa, dole a koma ɗaya hannun ko cinya. A RIVAL hakan ta faru ga kusan mutum 8 cikin 100.

Shin ko kun san matsalar da ta fi yawa galibi ba ta da zafi? Toshewar jijiyar da aka huda ce. Bututu ya goge cikinta, jini ya daskare a wurin, ta rufe. Wani nazari na 2016 da ya tattara bincike da dama ya samu kashi 7.7 cikin 100 a awa 24 na farko, ya sauko zuwa 5.5 bayan mako guda, domin wasu na buɗewa da kansu. Yawancin masu ita ba su ma sani ba, saboda Allah Ya yi wa hannu jijiyoyi biyu, ɗaya ta gefen babban yatsa, ɗaya ta gefen ƙaramin yatsa, kuma suna haɗuwa a tafin hannu. In ɗaya ta rufe, ɗayar ta ɗauki nauyi.

Kuna iya ganin wannan da idonku. Ka dunƙule hannu da ƙarfi, wani ya danne maka gefe biyu na tsintsiyar hannu da manyan yatsunsa. Ka buɗe: tafin ya yi fari fat. Ya saki gefen ƙaramin yatsa kawai, ya ci gaba da danne ɗayan. Cikin 'yan daƙiƙu za ka ga ja yana malalowa daga gefe har ya cika tafin, ya kai kan yatsu. Asalin gwajin na Edgar Allen ne, likita a asibitin Mayo na Amurka, a 1929. Daga baya an gano ba ya faɗin wanda zai samu matsala daidai-wa-daida, har likitoci da yawa suka daina dogaro da shi, amma yana nuna yadda jinin hannu ke zagayawa.

To in ba ta ciwo, ina ruwanmu da toshewarta? Da ruwanmu ƙwarai. Mai ciwon zuciya na iya buƙatar a sake bi ta wurin nan bayan shekaru. Likitocin tiyata kan ciro wannan jijiya su yi wa zuciya sabuwar hanyar jini da ita. Mafi girma a wurinmu kuwa shi ne wankin ƙoda: tun 1966 da Brescia da Cimino suka fito da dabarar a birnin New York, wannan jijiya ake haɗawa da ta kusa da ita a samar da wurin da injin wanki zai riƙa jan jini. Hawan jini da ciwon suga da suka kai mutum ga likitan zuciya, su ne dai ke kai shi ga likitan ƙoda. Don haka duk mai raunin ƙoda ya faɗa tun kafin a taɓa shi, a zauna a zaɓi hannun da za a huda da wanda za a adana. Wani abin lura: jin bugu a wurin ba ya tabbatar da jijiyar a buɗe take, domin jini na iya zagayowa ta tafin hannu ya bugo daga ƙasa. Na'urar sikanin mai auna gudun jini ce ke raba gardama.

Shin ko kun san yadda aka ɗaure hannun bayan aiki shi ke yanke hukuncin makomar jijiyar? Wani maɗauri ake sa wa mutum mai kama da agogo, na roba garai-garai, ana hango hudar ta cikinsa. A ƙarƙashinsa akwai ɗan balan-balan da ake hura wa iska da sirinji. Ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya za ta rage iskar kaɗan-kaɗan har ta ga ɗigon jini ya ɓullo, sai ta mayar da 'yar kaɗan ya tsaya. Ta maƙala na'urar auna iskar jini a babban yatsa, ta danne ɗaya jijiyar, ta ga ko layin da ke kan allo na ci gaba da rawa. In yana rawa, jini na wucewa ta ƙarƙashin maɗaurin. Bayan awa ɗaya ko biyu ta dawo tana zuƙe iskar, cokali-cokali, har a kwance. Samir Pancholy na jihar Pensilbaniya a Amurka ya gwada wannan kan mutum 436 a 2008: masu ɗaurin tamau kashi 12 jijiyarsu ta toshe a rana ta farko, masu ɗaurin da ke barin jini ya wuce kashi 5. Bayan wata guda, 7 da 1.8. Tun 1996 kuma wani bincike a Faransa ya nuna muhimmancin allurar hefarin mai tsinka jini: ba tare da ita ba kashi 71 suka toshe, da cikakken awo kuwa kashi 4 da 'yan kai. Mai jinya na da haƙƙin ya tambaya yaushe za a fara sassauta ɗaurin.

Shin ko kun san baƙin da ke kwanciya a fata bayan aikin yawanci ba komai ba ne? Jini ne ya ɗan tsiyaya, zai yi shuɗi, ya koma ɗorawa, ya ɓace cikin mako biyu. Amma in hudar ta ɓalle tana tsartuwa, a zaunar da mutum, a ɗaga hannun sama da ƙirji, a danne bisa hudar da ɗan sama da ita da yatsu uku da tsumma mai tsabta, minti 15 ba ɗagawa ba leƙawa, ana haka ana neman mota. Kada a ɗaure dantse da roba ko igiya. Kada a zuba toka, ko garin magani, ko man fetur.

Shin ko kun san matsalar da ta fi ƙaranci ita ce ta fi cin hannu? Waya ko roba na iya huda wani ɗan reshen jijiya can cikin sangalin hannu, jini ya riƙa tsiyaya a ɓoye. Naman wurin a cikin wata fata mai tauri yake, ba ta miƙewa. Jini na taruwa, matsi na ƙaruwa, har nama da jijiyoyin ji su rasa abinci. A wani asibitin zuciya na birnin Kwebek a Kanada an duba aiki 51,296, sau biyu kacal aka samu wannan. Amma raina kama ka ga gayya. Alamominsa: tsakanin tsintsiya da gwiwar hannu ya kumbura ya yi tauri, zafi ya fi ƙarfin ɗan raunin da ake gani, farasitamol ya kasa, yatsu su fara sagewa, in an miƙar da su mutum ya yi ihu. Bugun jini na iya kasancewa yana nan, kada ya ruɗe ku. Awa shida ko makamancin haka nama ke iya jurewa. Bayan nan ya mutu, yatsu su ƙanƙance su lanƙwashe har abada, nakasar da likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana tun 1881. Maganinta tiyata ce, a tsaga fatar nan a saki matsin. A cire zobe, awarwaro da agogo tun kafin kumburi ya kama su. Babu gashi da ruwan zafi, babu murzawa da man zafi, kuma wannan ba aikin mai ɗori ba ne, domin ɗauri da karare ƙara matsin zai yi. Wanda ke Tsafe ko Bungudu ya faɗa babban asibitin garin a duba shi nan take, in an ce Gusau a wuce kai tsaye zuwa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, inda ake da likitocin tiyata. Kalmar farko da za a faɗa a bakin ƙofa ita ce: an huda masa jijiyar hannu don aikin zuciya, rana kaza, kuma yana shan maganin tsinka jini.

Shin ko kun san akwai kumburin da sakiya ke mayar da shi ajali? Wani lokaci hudar ba ta rufe sosai, jini ya riƙa fita yana taruwa a wata 'yar jaka a gefen jijiya. Bayan kwanaki ko makonni sai a ga ƙulluto a tsintsiyar hannu, ja, mai zafi, duk wanda ya gani zai ce maruru ne ya nuna. Ɗora yatsa a kai a hankali: in yana bugawa tare da zuciya, jinin jijiya ne a ciki, ba mugunya ba. Aska ko allura ta taɓa shi, jini zai yi tsartuwa, ga mutum yana shan magungunan hana daskarewa har biyu. Ina roƙon wanzamanmu, waɗanda jama'a ke girmamawa kuma su ake fara kira, duk wanda ya zo da kumburi a wannan wuri a tambaye shi ko an yi masa aikin zuciya. In ya ce e, babu sakiya, babu tsaga, babu ƙaho, a tura shi asibiti. A can sikanin zai nuna, kuma sau da yawa danna shi ake yi na ɗan lokaci ya rufe, ba sai an kai ga wuƙa ba. Akwai kuma mai zirrr a ƙarƙashin yatsa, alamar jijiyoyi biyu sun haɗe ta hudar. Wannan ma a nuna wa likita, galibi ba ya tsanani.

Shin ko kun san ruwan hoton nan ta ƙoda yake fita? Ga mai lafiyayyar ƙoda ba wani abu. Ga dattijo, da mai suga, da wanda jikinsa ya bushe, ƙoda na iya sanyi cikin kwana biyu zuwa uku, kuma yawanci ta farfaɗo cikin mako ɗaya ko biyu. Mutum ya fito daga ɗakin aiki ya shiga mota cikin zafin Afrilu, yana ƙin shan ruwa don kada a tsaya masa a hanya, wannan ganganci ne. A sha ruwa gwargwadon yadda likita ya ce, domin mai kumburin zuciya nasa awon daban ne. A lura da fitsari, in ya ragu sosai a je a gwada jini. A nisanci daikulofenak da ibufurofen da gaurayen ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda: suna gajiyar da ƙoda, suna ƙara zubar jini. Mai shan metfomin ya tambayi ranar da zai koma kansa. Batun azumi, a ji ta bakin likita kafin a ɗauka. Mace mai ciki, ko mai zaton ciki, ta faɗa tun farko saboda hasken hoton.

Manyan haɗurran aikin kansa, wato shanyewar ɓarin jiki, bugun zuciya ko rasa rai, a anjiyogiram na dubawa kawai ba su kai 1 cikin 100 ba ko an haɗa su duka. Duk da haka karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar hannu da ƙafa ba abin a jira gari ya waye ba ne. Wanda aka sa wa sitent kuma ya riƙe wannan da kyau: asfirin da abokinsa, kulofidogirel ko makamancinsa, su ke hana jini daskarewa a cikin ragar. Daina su saboda an ga baƙi a hannu, ko saboda kuɗi ya yanke, na iya rufe sitent ɗin cikin dare ɗaya. A sayo na wata biyu ko uku kafin a baro garin da aka yi aikin.

Shin ko kun san 'yan dubiya ma na iya tayar da hudar? Yawanci hannun dama ake bi, shi ne kuma kowa zai kama ya girgiza yana barka da arziki. A miƙa gaisuwa da baki na 'yan kwanaki. Kwana biyu zuwa uku na farko kada a ɗauki abin da ya fi buta cike da ruwa nauyi, kada a dogara da hannun wajen tashi daga tabarma ko daga sujada, kada a tuƙa babur. Daka, jan guga, wanki da fartanya su jira mako guda, ko yadda likita ya ce. Wurin ya zauna a bushe da filasta mai tsabta. Yadda za a yi da alwala a kwanakin nan, malamai sun yi bayanin shafa a kan ɗauri, a tambaye su.

Shawarata ga duk wanda ke da hali, ya ƙara kwana biyu ko uku kusa da asibitin da aka yi aikin kafin ya kamo hanyar gida. Mun san halin da hanyoyinmu ke ciki, daga Yankara zuwa Tsafe, daga Kwatarkwashi zuwa Gusau, ba kowa ke iya fitowa da mara lafiya da tsakar dare ba, kuma zubar jini da kumburin nan mai tauri a kwanakin farko suka fi zuwa. Kafin a bar asibitin a karɓi takarda da ke ɗauke da hannun da aka bi, girman bututun da aka sa, ko an saka sitent da guda nawa, sunayen magunguna da tsawon lokacin shan kowanne, sakamakon gwajin ƙoda, da lambar wayar da za a kira dare ko rana. A karɓi faifan hoton, a ɗauki takardar a waya a tura wa mutum biyu cikin dangi. A nemi a duba ko jijiyar a buɗe take kafin sallama, domin toshiyar da aka gano da wuri ana iya buɗe ta ta hanyar danne ɗaya jijiyar na kimanin awa guda, ko da allurar tsinka jini ta 'yan makonni. Bayan wata ɗaya kuma a kai takardar wurin likita a Gusau ya sake duba hannun.